Cukuna a Zauren Wani

Yaya Habu,

Ina gajiya, ina zaman Agadas? Yaya Zinaru da yara? Mu nan Gure lafiya lau.

Shafina na intanet da nake tallan cuku, har yanzu ni da kai kaɗai ke karanta shi. Sai na roƙi mai wani babban shafi a Damagaram in yi rubutu a wurinsa, in sa adireshin shafina a ƙarshe. Ya yarda. Da na karanta wa Baba, sai ya ce, “Hadiza, baƙo ba ya talla a zauren wani. Cire adireshin nan, ki gode wa mai gida.” Ya tsaya a kaina har na cire.

Rubutun ya karɓu. Yanzu mai shafin ake ta tambaya cuku, shi da ko akuya ba ya da ita.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Don Allah ka shiga ka rubuta adireshina a sharhi, tunda kai Baba ba ya ganinka.

Ƙanwarka,
Hadiza