Ba Cacar Baki Ba Ce, Goggo

Zongo, Kwatano, Mayu 1990

Zuwa ga Goggo Lantana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida na Maraɗi. Allah ya ɗauke miki ciwon ƙafar nan. Mu dai muna nan. Inna ta koma suyar ƙosanta, ƙanwata Dija ta fara zuwa lakwal, makarantar boko.

Goggo, zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wanda da a gabanki nake ko kai ba zan iya ɗagawa ba. Ina son ɗanki Ousseini, kuma ba wasan taubasai nake nufi ba. Tun da ya zo gidanmu yana yi wa fataken shanu tafinta nake laɓewa bayan labule don in ji yana magana. Littattafan soyayyar da Mas'uda ke aiko mini daga gidanku, duk samarin ciki da muryarsa nake karanta su. Shi ya koya mini wai hira daban, zance daban: hira da kowa ake yi, zance kuwa sai an yi wanka an sa turare. Ya faɗa yana dariya, ni kuwa na ruga ɗaki.

Na san Baba ya aiko miki cewa cacar baki ce ta haɗa Ousseini da Yaya Mansur. Inna na cewa ka-ce-na-ce ne, maƙwabta na cewa saɓani. Ni ina tsakar gida ina tankaɗe aka yi abin, kuma ban taɓa ganin cacar bakin da ta zubar da haƙora ba.

Kin tuna bara an kama Yaya cikin yajin ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi. Ya fito bayansa duk shatar bulala, kunnensa ɗaya ba ya ji. Tun da aka yi babban taron ƙasa bakin kowa ya buɗe, kowa na neman wanda ya kai sunansa. Wani ya ce masa an ga Ousseini wurin jandarmomi ranar da aka je maɓoyarsa. Yaya ya shigo gida yana kiran Ousseini magulmaci, ɗan tsegumi, mai kai rahoto. Ousseini ya ce shi fassara kawai ya yi. Yaya ya tambaye shi maganar wa ya fassara, sai ya ƙi faɗa. Taɓaryar Inna ce a kusa. Na ji ƙarar ƙashi, Goggo. Ya faɗi, Yaya ya taka masa wuya ya ƙara masa a baki, yana cewa bakin da ya sayar da shi ba zai sake sayar da kowa ba. Jini har cikin garin da nake tankaɗewa.

Maganar Baba ce ya fassara. Baba jandarmomin suka kira, suka ce za su ɗaure Inna in bai faɗi inda Yaya yake ɓoye ba, shi kuwa ba ya jin Faransanci. Ranar ya dawo yana gaya wa Inna yana kuka, ina ji. Amma da ake dukan yana zaune a tabarma riƙe da carbi, sai da aka gama ya ce ya isa.

Yanzu Ousseini na asibiti, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ruwan koko kawai ke wucewa. Abokan Yaya sun rantse ranar da ya fito za su rataya masa taya su zuba fetur. Ke ce yayar Baba, ke kaɗai za ki sa shi ya buɗe baki a gaban ɗansa. Don Allah ki taho, kada ki aiko saƙo.

Ki gaishe da Kawu Garba, da Mas'uda, da Adawiyya da jaririnta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗiyarki,
Saoudatou

Baba ya ce duk wanda ya kai miki labari ya nemi wani uban. Takardar ta kwana biyu cikin zanena, har ta jiƙe da gumi. Motar Maishanu, direban da ke zuwa Maraɗi, na tashi bayan la'asar, ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa. Na ɗauki mayafina, yanzu zan kai masa.