Wa Kika Baro a Gida?

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba amsawa za ka yi ba, kuma babu mai kai maka wannan takarda maƙabarta. Allah ya haskaka makwancinka. Na rasa wanda zan gaya wa abin da ke cina ne, kuma tun da kai ka jawo shi, kai za ka saurara.

Muna nan unguwar Zahir a Makka inda ka bar mu, ni da Umma, mu biyu rak tun da aurena ya mutu. Aikinka bai tsaya ba. Har yanzu ina zaga unguwar Tandabawi da alhazai mata a ƙafa, ina nuna musu inda kakanninmu da suka tako daga ƙasar Hausa suka fara sauka, ko da yake lungun da ka fi so an rushe shi, filin ajiye motoci nake nuna musu ina ba da labari. Dutsen Saur mai kogon hijira ma ina hawa da su bayan asuba. Biran nan ba su tuba ba, makon jiya ɗaya ya fizge wa wata Hajiya daga Maraɗi jakar dabino, ta bi shi da Allah ya isa har ya ɓace.

Gulam mai shayi yana nan a runfarsa ta tsakiyar dutse. Ya tsufa, amma bakinsa bai mutu ba. Har gobe yana cewa a ƙasarsu, can duwatsun Himalaya inda ya yi jagorar baƙi a ƙafa cikin tsofaffin ƙauyuka kafin ya zo Makka, irin wannan dutsen tudu ake kiransa. Sai kuma ya ƙara da abin da ya saba gaya maka, wai ƙaramin dutse ya fi cin mutane saboda raina shi ake yi.

A wurinsa ka koyi dabarar nan taka, ko ba haka ba? In an iso runfa sai ka bi alhazai ɗaya bayan ɗaya kana tambayar wa suka baro a gida. Su a zatonsu sunayen da za ka sa a addu'a kake nema, kuma kana sawa ɗin. Amma numfashinsu kake saurare. Wanda ya jero 'ya'ya da jikoki a tsaye, ya wuce. Wanda maganarsa ta yayyanke, sai ka saya masa shayi, ka zaunar da shi a tabarmar Gulam, ka tuna masa hawan nan ba farilla ba ne, ba ya cikin aikin Hajji, kogo ba ya ƙara wa kowa lada da ransa. Sun zage ka, wasu sun yi kuka. Ba ka taɓa sassautawa ba.

To ga abin da ban taɓa faɗa ba ko a zaman makoki: ina fushi da kai, Baba. Kai da ka auna numfashin rabin Nijeriya da Nijar, wa ya auna naka? Ranar da ka rasu ina kwance da zazzaɓi, ka ɗauki matan da ya kamata in kai. Gulam ya ce ya ji ƙirjinka yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ya riƙe maka hannu, ka yi dariya ka ce masa halas, wato ya isa, yau kawai. Ka kai su bakin kogo, ka jingina da dutse, ba ka sake tashi ba. Dokar ta kowa ce ban da mai ita?

Yanzu ga Umma ta ɗauko halinka. Shekaru nawa kuna tare ba ta taɓa sha'awar dutsen nan ba, cewa take kishiyarta ce marar kunya. Tana fita takaba ta ce sai ta ga inda ka jingina. Ka san zuciyarta, ka san likita ya hana ta hawan bene, ga ƙafafu a kumbure. Ka kuma san igamarta, takardar izinin zamanta, ta mutu tare da kai, in ta faɗi a can sama, kafin a tambayi inda ke mata ciwo ni tsoron tambayar takarda nake ji. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ɓoye takalmanta. Ta ce in ban kai ta ba za ta tare mota ta tafi ita kaɗai, ai dutsen ba gadon ubana ba ne. Na ce a raina gara a gaban idona.

Ranar Talata muka tafi, ita da wasu mata 'yan Gumel. Na sa ta a gabana kamar yadda ka koya min, jagora a bayan mafi rauni. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma wannan shirun ne ya fi tsorata ni. Takan dafa dutse kamar gyaran takalmi take yi. Ina kallon bayan mayafinta yana jiƙewa, ina lissafin yadda zan sauko da ita in ta zube. Sau biyu na ba da tarihin hijira a baibai, har wata daga cikin matan ta gyara min.

Da muka iso runfa na fara zagayen tambaya. Na bar Umma sai ƙarshe. Na tsaya a gabanta kamar ban san ta ba, na tambaye ta wa ta baro a gida. Ta dube ni cikin ido ta ce babu kowa.

Ka ga abin da ka yi? Ashe ka gaya mata sirrin. Da kalma biyu ta tsallake jarrabawarka, kuma ba ƙarya ta yi ba. Kai kana ƙasa, ni ina tsaye a gabanta, wa ya rage a gidan? Gulam ya sunkuyar da kai yana ta juya shayin da bai buƙatar juyi. Matan sun fara tashi. Ita ma ta gyara mayafi ta sa ƙafa a matakalar farko.

Ban san daga ina dabarar ta zo min ba. Na ce mata tun da babu na gida, ta jero min waɗanda suka riga mu, in sa su a addu'a. Ta san tarko ne, na ga fuskarta. Amma wace mace za ta ƙi a yi wa mamatanta addu'a a gaban mutane? Ta ambaci mahaifinta, ta ambaci mahaifiyarta. Ta ambaci Hassan da Usaini, tagwayenku da ba su yi arba'in a duniya ba. Har nan muryarta tsaye take, sai da na fara tunanin ko ni ce mai zuzuta abu. Da ta zo kanka ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta ja iska, ta sake ja, ta dafe ƙirji.

Baba, numfashi ne ya ɗauke ko kuka ne ya tare ta? Dabararka ba ta bambance waɗannan biyun, kuma ba ka bar min wata ba. In kuka ne, na hana matarka abu ɗaya tak da ta roƙa tun da ka tafi. In zuciya ce kuma na ƙyale ta, kogo ɗaya ya cinye min uwa da uba. Duka matan suna kallona. Na saya mata shayi, na nuna mata tabarma, na gaya wa uwar da ta haife ni cewa hawan nan ba farilla ba ne. Da muryarka na faɗa, don tawa ba za ta iya ba.

Ta zauna. Ba ta taɓa shayin ba. Da muka sauko ta ƙi kama hannuna, a mota ta juya fuska wajen taga. Kwana da kwanaki abinci kawai take turo min a faranti, ko kallo babu. Kowace asuba kafin in yi alwala sai na leƙa in ga takalmanta suna bakin ƙofa.

Yau da safe na fito na same ta a shirye. Ta ce iyakarta runfa, kuma kada in ɓata bakina. Duk hanya ban yarda da ita ba, har yanzu ma ban gama yarda ba. Amma da muka isa ta nufi tabarma da kanta, ta zauna kusa da wata tsohuwa da na tsayar, ta fara ba ta labarin yadda kake dafa wake ya ƙone. Na juya zan hau da sauran, sai ta cafke wuyan hannuna, ta jawo ni har kunnenta ya kusa taɓa ƙirjina. Ta tambaye ni wa na baro a gida.

Na ce ita. Ta daɗe tana saurare kafin ta sake ni, ta ce to in tuna da haka in na kai bakin kogo, tun da ubana bai tuna ba.

Na hau, na wuce inda ka jingina ban tsaya ba, na sauko na same ta. Gobe ma ta ce za ta zo, kuma na san zan yi ta waiwaye a kowace kwana. Ka huta lafiya, Baba. Allah ya gafarta maka, ni ma ina ƙoƙari.

'Yarka mai tafiya a bayan ayari,
Safiya