Inna, Na Ɗaura Maganin Nafi a Kan Salloli

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya, a makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Ɗanki ne Ɗanladi, wanda kike kira Shaƙiyyi, daga gidanmu na unguwar Lokuwa. Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Amma yau kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma akwai maganar da ba na iya faɗa wa kowa sai ke. Masu leƙo shafina don shan dariya su yi haƙuri, yau tukunyar ba komai.

Inna, an yi wa ƙanwata Nafi aiki a wuya. Kin bar ta tana shekara huɗu, yanzu shida, ta yi wawulo har biyu. Kin tuna minsharin nan nata da nake kwaikwayo, ina cewa injin niƙa muka ajiye a ɗaki? Ashe ba abin dariya ba ne. Hakin wuya ne ya kumbura mata gefe da gefe, har numfashinta na tsayawa cikin barci, ga zazzaɓi duk wata. Goggo Hanne, yayarki ta Yola, ta ce a kira wanzami a huta. Ni na kafe sai asibiti. Ta ce to, tunda na zama likita, in wani abu ya samu yarinyar za ta zo ta ɗauke ta, dama mai wasa da kowa ba ya riƙon 'ya mace.

Kin san ba ta fara faɗin haka yau ba. Tun shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo gari muka bi ta duwatsu da ƙafa, kina goye da Nafi ina ɗauke da ƙullin kaya, har muka kai Yola jikinki ya ƙi, tun ranar da aka rufe ki take son riƙe ta. Ni kuma na ji abin da kika ce min kina kwance: in mayar da ita gidan ubanta in gari ya lafa. Na mayar. Da ita da keken haya mai ƙafa uku da nake ja, su ke nan gare ni.

Aiki ya yi kyau. Washegari aka sallame mu da kwalba biyu, fari da mai ruwan lemo. Mai ba da magani ya ce farin sau huɗu a rana, ɗayan sau uku bayan ta ci wani abu. Ya rubuta sauran bayani a jikin kwalba da Turanci. Ya tambaye ni ko na gane, na ce sarai, har da tsokanarsa cewa rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ya yi dariya, na yi dariya, na fito ban san komai ba. Kunya ce ta hana ni cewa allo kawai na yi, wannan Hausar bokon ma a waya na tsince ta.

Da na zo gida sai na yi irin naki. Ke komai da salla kike auna shi: jiƙon zazzaɓi bayan Azahar, rubutun sha bayan Magariba. Na ɗauko allona na makaranta, na rubuta da ajami. Asuba na cire, don ban ga dalilin tashin mara lafiya daga barci ba. Saura huɗu cif, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i. Mai ruwan lemon kuma na jera shi a ukun ƙarshe. Har na yaba wa kaina, na ce wane ɗan boko.

Sai dai kafin a kai ga lokaci, akwai rigimar cokali. Inna, yarinyar nan ta ƙi karɓar komai daga hannuna. Kuma da gaskiyarta. Ni ne na naɗe guntun sabulu a takardar alawa na ba ta ranar ƙaramar Salla. Ni ne na ba ta ruwan shuwaka na ce zuma ce ta ƙauyen Mugulbu. Yanzu na miƙo cokali ina rantsuwa, ita kuma ta damƙe baki tana kallona da idanun nan irin naki. Magana ba ta fita, sai ta nuna cokalin, ta nuna bakina. Dole na riƙa ɗiga kaɗan a wani cokali in lasa a gabanta, ta jira ta ga ban yamutsa fuska ba, sannan ta buɗe. Sai na tuna abin da kike faɗa min in na dame ki: "Shaƙiyyi, ranar da za ka kawo gaskiya kasuwa ba mai taya ta."

Abin da ya fi ci min rai, dariya ma ciwo take sa mata. Rana ta farko na yi mata tafiyar Malam Buba mai shayi, ta fara ƙyalƙyalawa, sai ta riƙe wuya hawaye na zuba. Tun daga nan na daina. Ni da ba ni da wata sana'a a gidan nan sai ban dariya, na koma zama gefen katifa kamar mai karɓar gaisuwa.

Kwana biyu muna kan tsarin allona. Da safe ta tashi cikin azaba, ko yawu ba ta iya haɗiyewa, balle ruwa. Ina kallonta ina kallon rana, ina cewa ta yi haƙuri a kira Azahar. Da yamma kuma magani kan magani a cikin da ba komai. Rana ta uku bayan La'asar ta dafe ciki ta naɗe, ta yi amai, leɓenta ya bushe ya tsage. Na lura tun safe ba ta nemi zagayawa ba.

Na ruga gidan Maman Zira, maƙwabciyarmu 'yar Michika, wadda ta yi aikin jinya kafin ta huta. Ta leƙo ta taga ta ce in tafi da shaƙiyancina, ba ta manta ranar da na ce mata akuyarta ta faɗa mayo, wato kogi, ba, ta tafi da gudu ba takalmi, akuya tana ɗaure a bayan ɗaki. Na rantse, ta ƙi. Sai da na durƙusa a ƙofar gidanta, sannan ta jawo mayafi.

Ta duba wuyan da fitilar waya, ta ce farin da ke ciki ba ruɓa ba ne, haka wurin aiki yake kafin ya warke, warin bakin ma haka. Jini ne abin tsoro, kuma babu. Sannan ta tambayi yadda nake ba da magani. Na ɗauko allo da alfahari na karanta mata. Da Hausarta ɗin nan da kike tsokana, wadda mace da namiji duk ɗaya ne, ta ce: "Ɗanladi, Magariba da Isha'i minti nawa ne? Kai ka cika shi da magani da yamma, ka bar shi da ciwo har rana ya tsaya."

Sau huɗu ashe bayan kowace awa shida ake nufi, dare da rana. Yana nan rubuce a jikin kwalbar da na yi wa dariya.

A kekena na kai su asibiti. A shingen sojoji ma ban iya yi musu barkwancin da na saba ba, har ɗaya ya tambaya ko lafiya. Aka duba ta, aka yi mata ƙarin ruwa, aka ce Allah Ya tsare, mun zo da wuri. Wannan karon da aka ce na gane, na ce a'a, a maimaita. Aka maimaita sau uku, ban mutu ba.

Na juya bayan allon na yi sabon tsari: shida, sha biyu, shida, sha biyu. Waya ke tashina. Mai ruwan lemon ba ta sha sai ta ci ko da cokali biyar na kindirmo mai sanyi, ko kunun gyaɗa da ya huce, ba tsami. Ruwa kurɓi-kurɓi duk yini. Zoɓo an hana, don in ta yi amai kada a kasa bambance shi da jini. Rana ta shida ciwon ya koma kunne, na firgita, Maman Zira ta ce hanyarsa ce. Duk shan da ta yi sai in ja layi da tawada. Idanuna sun yi jawur, jiya na sa gishiri a shayina, kuma ba wanda ya shirya min, ni na yi wa kaina.

Gaban allon ban wanke ba. Na so in wanke, don Goggo ta aiko cewa tana hanya. Amma ke kika ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jiya ta iso da jakar da na san ta kwashe kayan Nafi ce, ba komai a ciki. Kafin ta sha ruwa na miƙa mata allon, na nuna mata kuskuren, na nuna mata gyaran. Ta yi faɗa, Inna, faɗan da na cancanta, har da wanda ban cancanta ba.

Ƙarfe shida ta yi, waya ta yi ƙara. Goggo ta ce in miƙo mata kwalbar, ta auna da kanta, ta miƙa. Nafi ta kawar da kai. Da wata 'yar murya a shaƙe, maganarta ta farko da ta fito sosai tun ranar aiki, ta ce: "Sai dai Yaya."

Na karɓi cokalin. Na laluba ɗaya cokalin don in lasa kamar kullum, kafin in same shi ta riga ta buɗe baki.

Goggo ta koma da safen nan. Jakar tana nan rataye a ƙusa, ta ce nauyi take mata, sai ta dawo da Babbar Salla. Ta bar mana kuka da daddawa, da gargaɗi buhu guda.

Inna, na gaji, gajiyar da ban san akwai irinta ba. Haka kika yi da ni lokacin ƙyanda, ni kuma na saka miki da ɓoye miki takalmi a cikin randa. Ki yafe min. Nafi tana barci yanzu, shiru, ba injin niƙa, har sai na kai kunne in tabbatar.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya sa gajiyar da kika yi da mu ta zama hutunki. Allah Ya ba Nafi lafiya ta yi dariya ba ciwo, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.

Saura kaɗan sha biyun rana ta yi, bari in je in huce mata kunu.

Ɗanki da ya fara jin magana bayan kin tafi,
Ɗanladi.