Ginin Baba Ya Kai Linta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Mu nan sai godiya. Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi: tun da ɓarin jikinsa ya shanye, baki bai buɗe ba. Na san abin da ya hana ka zuwa. Ka ce ran nan ya kalle ka kamar baƙo, kuma ba za ka iya sake ganin haka ba. Ban ga laifinka ba, amma abin yana ci mini rai.

Ga wani labari. Ka san ni da maigidana mun girma ba mu san mun girma ba, da an ci abinci sai mu hau wasan kwamfuta a talabijin. To, wata malama daga jami'a tana bincike a kan iyaye masu son irin wannan wasa, sai ta sa mu ciki. Tana zuwa ta zauna a falo tana kallonmu, tambaya kamar lauya. Wasan da muke yi na gini ne, ana jera bulo ana ta da gida. Ni kuwa ginina ko kaza ba za ta yarda ta kwana a ciki ba.

Shekaranjiya ina ɗora bango a kan ƙasa haka kawai, sai na ji Baba ya yi tsaki daga kujerarsa. Tsakin nan da yake yi wa lebura lokacin yana aikin gini, Yaya. Na sa masa abin dannawar a hannunsa mai lafiya, malamar ta nuna masa maɓallan. Ka san me ya fara yi? Haƙa. Wasan bai damu da harsashi ba, ko a iska ka ɗora bulo zai tsaya, amma Baba sai da ya haƙa.

Ka gai da Anti.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan ƙafar Anti ta yi sauƙi. Ba ka amsa waccan ba, ni kuma ba zan fasa ba.

Da farko mun tsorata. Kullum Baba yana jera layi kaɗan sai ya ajiye, ko an lallashe shi ba ya ƙarawa. Ni da malamar muka ɗauka mantuwa ce take kama shi. Sai da na ga da safe ya zagaya bangon a cikin wasan yana dubawa kafin ya ci gaba, sannan na gane: jira yake siminti ya bushe. Na faɗa mata, muka tsaya muna kallonsa. Ta ce ta shiga gidaje da yawa, ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ashe duk watannin nan mutumin yana ciki, da hankalinsa da ƙa'idarsa, mu ne ba mu san ta inda ake ƙwanƙwasawa ba.

Gidanmu na da yake ginawa, Yaya. Har tagar ɗakin Umma da ta karkace, ya karkatar da ita. Ikon Allah.

Ginin ya kai linta, daidai saman ƙofa da taga, ya tsaya. Jiya na karɓi abin dannawar zan ɗora masa rufi, sai ya damƙe mini hannu, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Maigidana ya gwada, ya hana shi. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, muna jira, sannan kalma ɗaya ta fito, ta farko tun kwanciyarsa. Kafinta, ya ce.

Ka fi ni sanin wanda yake kira haka. Tun da ka koyi aikin katako, bai taɓa barin wani ya rufa masa gini ba sai kai. Na yi kuka har malamar ta taya ni.

Yanzu da an kunna wasan ba ya taɓa komai, ƙofar falo yake kallo. Ban san ko zai gane fuskarka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gidan yana nan a buɗe, kuma ya ce ba mai rufa shi sai kai.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta