Agogon Malam da Awa Huɗu

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da yara. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan maigidanki, Malam.

Na ga saƙonki kan agogonsa. Yana nan cikin farantin bakin ƙofa, inda muke ajiye makullai da duk wani ƙarfe kafin shiga ɗakin na'urar NMR da muke gwada sinadarai da ita, don maganaɗisunta ba ya barin agogo lafiya. Na kasa ɗauka. Ina wucewa sai in ji kamar zai leƙo ya ce in cire ɗan kunne.

Aikin da ya bar mini ya ƙi. Muna dafa man waken soya da sinadari har iskar oksijin ta ɗaure a jikinsa kamar ƙaramin zobe. Duk rabin awa in ɗiba in sa a na'ura, ita kuma ta zana sakamako a takarda: tsinin man na sauka, na zoben na tashi. Littafin Malam ya ce a tsayar a awa huɗu. Sau tara ina bi, sau tara zoben na fashewa tun kafin lokacin. Saura mako biyu in miƙa aikin, kuma ko ni ce ban iya ba, ko Malam ya yi kuskure. Na fi son a ce ni ce.

Taki,
ɗalibar Malam

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙafar?

Jiya na yi ta maza na ɗauki agogon, na wana shi, na ajiye kusa da wayata. Kafin wayar ta cika awa uku, shi ya ci huɗu. Ashe maganaɗisu ya ɓata shi, kuma da shi Malam ya auna awa huɗunsa. Na tsayar da girkin a awa uku, tsinin ya fito tsaf.

Mama, ki yafe ni. A makonsa na ƙarshe, sau biyu na ga ya shiga ɗakin na'urar da agogon a hannu, mutumin da ya yi shekara ashirin yana korar mutane kan allurar ɗankwali. Na san ba lafiya ba. Kunya ta hana ni magana, wai ɗaliba ba ta gyara wa malaminta. Da na faɗa miki, wataƙila da an kai shi asibiti da wuri.

Na gyara lambar a littafinsa da fensir, ban goge tasa ba. Ga agogon nan na aiko. Kada ki kai shi gyara tukuna.

Taki,
ɗalibar Malam