Wai Hannuna Ne Ke Ruɓar da Tuffa

Bu Ningrum, don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata guda da aure a garin Batu, kuma wallahi ina jin daɗin gidana. Mijina, Mas Wiryo, bai iya kalaman da mazan cikin littattafan soyayyar da nake karantawa ke yi ba, amma in muna zaune a rumfa muna tsince tuffa, yakan zaɓi wadda ta fi kyau ya ajiye a cinyata. Ni wannan ya ishe ni. Har nakan ji kamar mu ne a babin ƙarshe.

To, girbi biyu ke nan tuffarmu na ruɓewa a akwati. Tabo ya fito laushi-laushi, sai shuɗiyar fumfuna ta rufe shi. Surukina ya tsoma su a maganin da ya saba da shi tun mijina na yaro, har ya ƙara yawansa, a banza. Sai Ibu, uwar mijina, ta ce hannuna ne mai zafi, tunda da zuwana abin ya fara. Ba da faɗa ta faɗa ba, har shayi ta kawo mini. Amma an hana ni rumfa. Da farko na yi murna, na cinye littattafai son raina. Yanzu sai leƙensu nake ta taga suna dariya, ina duba tafina. Haka zan ƙare?

Amaryar Kan Tudu

Amsar Bu Ningrum: Ƴata, hannunki lafiya lau. Fumfuna kan saba da magani in shi kaɗai ake ba ta shekara da shekaru, balle ku masu girbi sau biyu a shekara. Ƙara yawansa ba ya kashe ta. Mijinki ya kai wa malamin gona ruɓaɓɓun a gwada a ga maganin da ke cin ta yanzu, a riƙa sauyawa. Akwatunan ma a wanke, a shanya.

Ibu kuwa, kada ki riƙe ta a rai. Mai kallon guminta na ruɓewa dole ta nemi dalili, ke ce kuma sabuwa a gidan. Hannu ma yana da nasa laifin: farce da jifa cikin akwati ke buɗe wa fumfuna ƙofa. Ki yanke naki.

Maganar magani ki bar wa Wiryo da mahaifinsa. Ke dai ki roƙi Ibu akwati ɗaya, ki tsince a gabanta, a ajiye kusa da nata. Duk yadda suka kasance, tare za su kasance, ita da kanta za ta gani.

Allah ya ba ku girbi mai albarka da zaman lafiya.