Eriyar Surukina Ta Ƙi Magana

Anti mai shawara, ki taimake ni, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ni tela ne. Da surukina zai tashi daga tsohuwar unguwarsu, sai ya kwance eriyar intanet ɗinsa, wata farar aba kamar faranti, ya ba ni kyauta har da sa albarka. Na kafa ta a saman kwano tana kallon ƙarfen sabis na unguwarmu. Wata biyu ke nan, ko tari ba ta yi ba. Na juya ta gabas, na juya ta yamma, matata na riƙe da tsani tana dariya har tsanin na rawa. Maƙwabcina ya ce in ɗaura mata murfin tukunya a baya. Yanzu miya ba murfi, intanet babu, tattabara kuma ta yi ƙwai a ƙarƙashinta.

Laifina ɗaya: duk sanda Baba, wato surukin nawa, ya tambaya, sai in ce ai gudu take kamar iska. To ga shi ranar Asabar zai zo da abokansa, su kira autarsa da ke karatu a waje, su gan ta a bidiyo. Wallahi ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Naki, Mai Tsani

Mai Tsani, fara saukowa tukuna, ka mayar wa matarka murfinta.

Da alama eriyar lafiyarta ƙalau. Wasu kamfanoni kan ƙera kayansu bisa tsarin kansu, ba bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ba, sai eriya ta ƙi jin kowane ƙarfe in ba na gidansu ba. Kai tela ne: in inci ɗinka daban da na mai yanka, ai riga ba za ta shiga ba.

Ɗauki hoton rubutun da ke bayanta, ka kai wa masu sabis na unguwarku. In tsarinsu ɗaya, su saita ta. In ba haka ba, su kafa maka tasu kafin Asabar.

Baba da zuciya ɗaya ya ba ka. Kai ma kunya ce ta sa ka ƙarya, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Je ka durƙusa ka faɗa masa gaskiya tun abokansa ba su ji ba. Kyautarsa kuwa bar ta a sama, ka ce masa ba ta yi asara ba, har iyali ta tara.

Allah ya rufa asiri, ya raya 'yan shila.